Makahon Damona da Idon 'Yar Fari

Kwananki uku a duniya, da hantsi, aka miƙo mini ke in ba ki nono. Fitowata ke nan daga wankan jego, jikina yana tururi, bayana yana raɗaɗin ganyen dogon yaro da Inna, mahaifiyata, ta yi ta fyaɗa mini. Na karɓe ki yadda aka koya mini, fuskata tana kallon bango, domin ke 'yar fari ce, kuma a gidanmu uwa ba ta kallon ɗan fari a gaban manya. Ba ta yi masa wasa, ba ta kiran sunansa, ko kuka yake yi sai ta yi kamar na maƙwabta ne. Amma da Inna ta juya za ta ɗauki bokiti, sai na saci kallo. Gashin idonki na dama ya manne da wani abu mai kauri, ruwan ɗorawa, fatar idon kuma ta tasa kamar rina ta harbe ki. Na sa babban yatsa na share. Kafin ki saki nono ya sake taruwa. Kuma abin da ya fara zo mini a rai ba ciwo ba ne, ba asibiti ba ne. Wani tsohon baho ne da ke bayan rumbu, da abin da ke kwance cikinsa.

Yau watanki biyar. Kina kwance kusa da ni kina bin ƙuda da ido, ni kuwa ina rubutu a ragowar littafin da na baro sakandare da shi. Ina rubutawa ne domin an riga an laƙaba miki suna a gidan nan, Ta-Damo, kuma za ki girma ki tambayi dalili. Za a ba ki labari, kuma na san wanda za a ba ki. Ba na so ya zama shi kaɗai kika ji. Har yanzu gajiyar kwanakin nan ba ta sake ni ba, saboda haka idan kika ga rubutun ya karkace, ki yi haƙuri da shi.

Damina biyu kafin a haife ki, shekarar da na gama makaranta ina zaune gida, Baba, wato kakanki da ba ki riska ba, ya dawo daga gonarsa ta Garu da hularsa a hannu maimakon a ka. Ya tsaya tsakar gida ya kira ni.

"Luba, taho ki ga baƙo."

"Mi na na, Baba?"

"Ɗan damo na. Garma tat tone ramin da sunka ƙyanƙyashe. 'Yan'uwanai dut sunka watse cikin haki, shi kaɗai yat tsaya shina kewaya wuri guda. Diba da kyau, ba shi da ido."

Na leƙa cikin hular. Bai fi tsawon yatsana na tsakiya ba in an cire wutsiya, wutsiyar ma ta lanƙwashe kamar lauje. Haɓarsa ta ƙasa ta goce gefe guda, bakin ba ya rufuwa daidai. Inda ya kamata a ga ido kuwa, fata ce shafe, sumul, babu ko tsaga. Kaka Tumba, mahaifiyar Baba, tana bakin ɗakinta tana tsinkar rama. Ta miƙo wuya ta gani, ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Wasu na kawo ma ɗiyansu atamfa daga Kwanni, kai ka kwaso mata makaho cikin hula. To Luba, ango ya samu, sai a aza ranar biki."

"Kishi kikai, tsohuwa," na ce mata, "don ke ba a kawo maki ba."

Baba ya yi dariya ya ce shirwa ce za ta ɗauke shi kafin la'asar da ya bar shi a gona, shi kuwa ya ga abin yana lalube da harshe, zuciyarsa ta ƙi. Shi ya sa masa suna Malam Lalube.

Ban san komai game da kiwon damo ba, kuma babu wanda zan tambaya, domin a garin nan damo farautarsa ake yi, ba kiwo ba. Na samo tsohon baho da ya tsage, na zuba masa yashi, na kifa fasasshen kasko ya zama ɗakinsa, na sa ruwa a murfin gwangwani, na rufe saman da ragar waya saboda kyanwa. Kwana shida bai ci komai ba. Ina jefa masa gyare, gyaren ya yi ta tsalle a kansa, shi kuwa ya yi ta kai cizo inda babu kowa. Idan ya dace ya kama, karkatacciyar haɓar ta saki. A rana ta bakwai na murƙushe kan gyare, na soke shi a tsinken tsintsiya, na taɓa masa gefen baki na dama, inda haɓar ke kamawa. Ya zaro harshe sau biyu, ya buɗe baki, ya haɗiye. Na yi ihu har Inna ta fito da ludayi a hannu tana zaton kunama ce ta harbe ni. Daga ranar, kafin in ba shi abinci sai in ƙwanƙwasa bakin bahon sau uku da ƙumba. Ba a yi wata ba ya gane. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai ki ga ya fito daga ƙarƙashin kasko, kai a sama, harshe yana fita yana komawa, ya nufo hannuna kai tsaye.

Aikin ya fi yadda ake zato. Da hantsi in ja bahon zuwa rana, domin idan jikinsa bai ɗumama ba ba ya ci. Kafin azahar in mayar da shi inuwar rumbu. Da damina in bi gindin katanga ina kamun gyare da fara, in fasa masa dodon koɗi, idan shinge ya tashi in tara masa a kwano. Idan ƙwari sun yi wuya in roƙi Inna ƙwai ɗaya in dafa. Lokacin da yake saɓa, tsohuwar fatar kan maƙale masa a yatsu da kai, domin ba ya ganin inda zai goga jikinsa, sai in jiƙa shi a ruwan ɗumi, in sa auduga in yi ta shafa masa a hankali har ta fita. Sau ɗaya ya cije ni, sau da yawa ya tsula mini wutsiya. Da sanyi ya shigo a shekarar farko ya daina ci, ya shige kasko ya yi shiru kwana da kwanaki. Na je wa Baba da kuka na ce Lalube ya mutu. Baba ya taɓa shi ya ce:

"Azumi shikai. Haka suke, sai ruwa ya sauka shi sha ruwa. Bar malam da ibadatai."

Baba ya rasu da bazarar da ta biyo baya, bayan jinyar kwana tara. Ruwan farko ya sauka sati biyu bayan an yi addu'ar bakwai. Na je bayan rumbu ba don ina sa rai ba, na ƙwanƙwasa sau uku. Ya fito, ya rame, harshe yana lalube. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban iya yi ba ranar jana'iza. Ina gaya miki wannan ne don ki san ba wasan yara ba ne ya sa na riƙe shi. Shi ne abu na ƙarshe da Baba ya miƙo mini da hannunsa.

Bayan kaka aka ɗaura mini aure da babanki, wanda ke jigilar kaya a babur tsakanin Illela da Kwanni. Na tafi da bahon cikin kayan ɗaki, ƙawayena suna ta dariya. Babanki bai damu ba, har fara yake kamo masa idan ya tsaya a hanya. Da cikinki ya kai wata bakwai aka mayar da ni gidanmu goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Na sauka daga babur da bahon a cinya. Kaka Tumba ta ga cikina, ta ga bahon, sai fara'arta ta ɗauke. A wannan karon babu zancen ango.

"Ke, mai ciki ba ta kallon nakasasshen abu. Abin da ido yag gani, ciki na ɗauka. Ba ki sani ba?"

"Kaka, wata bakwai ina kallo nai."

"To ya isa hakanan. A kai shi bayan rumbu, kuma kar in ga ƙahwarki can."

Na ce to. Na yi alkawari a gaban Inna. Amma wa zai ba shi abinci? Inna ƙyamarsa take ji, Kaka ko kusa ba ta zuwa, shi kuwa ba ya iya ci sai a tsinke, ta gefen dama. Kwana uku na daure. A na huɗu, da suka shiga sallar azahar, na zagaya. Daga nan kullum sai na zagaya, da tulun cikina, ina durƙusawa da ƙyar. Da farko ina rufe ido in miƙa tsinken, sai na ga ina soka masa a hanci, na buɗe. Wata biyu ina kallonsa a ɓoye, har ranar da naƙuda ta kama ni.

To kin ji abin da ke raina a wannan hantsin da na share miki ido ya sake taruwa. A makaranta an koya mana ƙwayoyin cuta, na rubuta jarrabawa a kai, na ci. Wallahi ko ɗaya ban tuna ba. Abin da na tuna shi ne muryar Kaka, da alkawarin da na karya. Na ce a raina ni na jawo miki. Sai na yi shiru, shiru iri biyu. Na farko na kunyar 'yar fari ne: yaya zan buɗe baki in ce na ga wani abu a idonki, alhali bai kamata a ce na kalle ki ba? Na biyu na mai laifi ne. Na mayar da ke hannun Inna, na juya fuska bango, na kwanta. Aka kawo kunun kanwa na kasa sha.

Da la'asar Inna ta gani da kanta. Ta ce ba komai, jarirai suna yi, ta sa na tatsa nono a cokali ta ɗiga miki. Kaka ta kawo tozalinta ta ja miki. Kashegari, kwananki huɗu, idanun biyu suka rufe ruf. Sun kumbura sun yi jawur, sun yi tauri, idan aka taɓa sai mugunya ta bulbulo ta gangaro har kunne. Kina kuka ba hawaye, sai wannan abin. Mata suna ta shigowa barka, kowacce ta karɓe ki ta leƙa, sai ta yi salati a hankali ta miƙa wa ta kusa. Wata ta ce a yi hayaƙi, aka yi. Wata ta ce iska ce. Ni ina kan gado a bayan labule, ina jin komai. Sai na ji Kaka ta ce, ba da ƙarfi ba:

"Luba, tsakaninki da Allah, kin koma wurin abin nan?"

Ban amsa ba. Shirun ya amsa mata. Ban taɓa ganin Kaka ta yi kuka ba sai ranar da aka fita da Baba, sai kuma wannan ranar. Ta rungume ki tana jijjigawa tana cewa, "Na hwaɗa, na hwaɗa mata." Ki sani, tsohuwar nan tana sonki. Ita ta yanke miki cibi, a ƙirjinta kike barci. Ba mugunta ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa ba. Abin da ta taso ta ji ne, ta kuma gaskata.

Wajen azahar na ce zan zaga makewayi. Na bi ta bayan rumbu ina dafa bango. Kwana huɗu ba wanda ya ja bahon zuwa rana, ba wanda ya ba shi ko ruwa. Ban san abin da ya kai ni ba. Ina jin na je ne in tsine masa, ko in ga fuskar da aka ce 'yata za ta ɗauka. Na ɗaga kaskon na ɗauko shi, a lokacin ya kai tsawon kamu guda, na riƙe kansa kusa da fuskata na ƙura wa gurbin idonsa ido. Fata ce lafiyayya, busasshiya, mai sanyi. Shekara biyu ina goge wurin nan da jiƙaƙƙiyar auduga, ban taɓa ganin ɗigon ruwa ya fito ba, bai taɓa kumbura ba, bai taɓa janye kai don zafi ba. Makantar Lalube ba ciwo ba ce. Haka aka halicce shi, babu ido a ciki da zai yi ciwo. Naki kuwa zafi yake yi, yana kumbura, yana zubar da mugunya, kuma jiya ido ɗaya ne, yau biyu. Sai na tuna ranar da aka haife ki, da aka ɗora mini ke, na saci kallo na ga idanunki a buɗe, baƙaƙe wuluk, suna ƙyalli. Ke da ido aka haife ki. Yana nan a bayan kumburin, kuma wani abu yana cinsa tun jiya, mu kuwa muna zaune muna hayaƙi.

Na mayar da shi cikin baho, na kira babanki a waya na ce ya zo da babur yanzu, ko yana tsallaken iyaka ne. Sannan na shiga ɗakin, mata shida ko bakwai a zaune, na ɗage labule na tsaya a tsakiya. Na ce:

"Idon ɗiyata ciwo shikai. Asibiti za ni kai ta."

Matan suka dubi juna. Ba asibitin ne ya ba su mamaki ba, kalmar "ɗiyata" ce. Wata maƙwabciyarmu ta rufe baki da gyale ta ce, "Yau ga ɗiyan zamani. Ta hwari ta, kuma a gaban kakanni!" Inna ta sunkuyar da kai kamar ita ta faɗa.

"Luba, ki yi kara," in ji ta. "Koma ki kwanta."

"Inna, na yi kara jiya. Jiya ido guda na."

Kaka ta ɗago ta dube ni.

"Cibi bai hwaɗi ba, ba a yi suna ba, ke kwana huɗu da haihuwa, ɗanyen jiki. Ina za ki? Kuma mi likita za shi yi ma abin da kik kalla da idonki?"

Na yi mata bayani yadda na iya. Na ce ido da babu shi ba ya mugunya. Na ce ta zo in nuna mata na Lalube ta gwada da naki. Jin sunansa ya sa ta ƙara rungume ki. Kina hannunta, kuma na san ba zan iya fizge ki ba, ba wadda za ta taya ni a ɗakin nan. Muka yi ta ja, lokacin sallar la'asar yana matsowa. Can ta share ido da bakin zane ta ce:

"In dai abin nan na cikin gidan ga, ko ina kik kai ta banza na. A hidda shi. In an hidda shi yanzu, ni da kaina ni ka ɗaukar jinjira in bi ki dut inda za ki."

Na so in ce miki na yi dogon tunani. Ban yi ba. Numfashi ɗaya na ja na ce to.

Aka aika aka kira Baffa Sa'adu, ƙanin Baba, wanda ke noma gonar Garu yanzu. Ya zo da buhu. Ya sa hannu cikin bahon, Lalube ya shige can ƙarƙashin kasko ya kumbura jiki yana huci, ya tsula masa wutsiya. Baffa ya ja da baya ya ce in fito masa da shi, kada a ɓata lokaci. Na durƙusa. Na sa ƙumba a bakin baho. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Hucin ya tsaya. Ya fito a hankali, kai a sama, kwana huɗu da yunwa, ya buɗe karkataccen bakinsa ta gefen dama yana jiran gyare. Na kama shi ta wuya na sa a buhu.

"Baffa, don Allah ka aje shi gindin suri, inda ƙwari suke. Wurin da inuwa."

"To, to. Na ji."

Bai kalle ni ba da ya faɗa. Na san damo nama ne a wurin mutane da yawa. Na kuma san ko an ajiye shi a gindin suri, wanda bai taɓa cin abinci ba sai a tsinke ba zai kai sati ba. Har yau ban tambayi Baffa abin da ya yi da buhun ba, shi ma bai faɗa ba. Babura biyu suka tashi daga ƙofar gidanmu a lokaci guda. Ɗaya ya yi hanyar Garu. Ɗaya ya yi asibiti, babanki a gaba, ni a tsakiya ina cije baki saboda ciwon haihuwa da kowane rami ke taɓawa, Kaka a baya da ke a ƙirji cikin mayafi. Ta cika alkawarinta, wannan ma ki sani.

Malamar asibitin da ta karɓe mu, wata doguwa mai tabarau, ta buɗe mayafin ta gani, sai ta daina murmushi.

"Kwana nawa da farawa?"

"Jiya da hantsi," na ce.

"Jiya! Me kuka sa mata?"

Na lissafa: nono, tozali, hayaƙi. Kaka ta matso ta ce ai an riga an yi maganin asalin abin, ta ba ta labarin damo tun daga hula. Malamar tana wanke hannu tana saurare. Da Kaka ta gama ta ce:

"Kaka, damo ba shi da laifi. Cuta ce jariri ke ɗauka a hanyar fitowa, wajen haihuwa. Tana da magani, amma tana da sauri. Kwana ɗaya ma yawa ne."

Aka yi miki allura a cinya. Likita ya zo, suka buɗe fatar idon da ƙyar, mugunya ta yi tsartuwa har kan rigarsa. Ya ce ba zai iya ganin baƙin idon sosai ba sai kumburi ya saɓe. Idan cutar ba ta taɓa shi ba, za ki gani. Idan ta riga ta yi masa gyambo, to sai abin da Allah ya yi. Ya ce ni ma za a ba ni magani, a kuma kira maigidana shi ma a ba shi. Babanki ya shigo ya karɓi nasa, kansa a ƙasa. Wannan wata magana ce tsakanina da shi, ba ta wannan littafin ba ce.

Kwana uku muka yi. Kowace sa'a sai an wanke miki ido da ruwan gishirin asibiti. Malamar ta nuna mini sau ɗaya: a jiƙa auduga, a shafa daga gefen hanci zuwa waje, a yar, a ɗauki sabuwa, kada ta ido ɗaya ta taɓa ɗayan. A can babu labule, babu bango da zan juya wa fuska. Na riƙe kanki a tafin hannuna ina kallonki yadda na ga dama, Kaka tana gefe tana jan carbi, ba ta ce mini ki yi kara ba. A rana ta biyu malamar ta tsaya a kaina tana kallon yadda nake yi.

"Ke kuwa haihuwar fari, wa ya koya miki? Hannunki ba ya rawa."

"Wani makaho na yi jinya," na ce.

"Allah ya ba da lada. Yana nan?"

Na ce ban sani ba.

Ban yi barcin kirki ba a kwanakin nan, ban yi wankan jego ba, ƙafafuna suka kumbura. Idan na rufe ido sai in ga bakin nan a buɗe yana jiran gyare, in buɗe kuma in ga naki idon a rufe. Na gaji har na daina addu'a da kalmomi, sai dai in ce ya Allah, in yi shiru.

Ranar da kika cika kwana bakwai, ranar da ya kamata a ce gida ya cika ana suna, da hantsi likita ya shigo da 'yar fitila a hannu. Kumburin ya saɓe, auduga ta fara fitowa fara. Ya sa yatsa ya ɗaga fatar idon dama, ya haska. Kika yamutsa fuska, kika runtse, kika kawar da kai. Ya yi dariya ya ce wannan faɗan shi yake so. Ya ɗiga wani magani, ya sake dubawa, dama da hagu, ya daɗe. Ni dai ina kallon bakinsa. Ya kashe fitilar ya sa a aljihu.

"Baƙin idon garau yake, duka biyun. Ba tabo. 'Yarki za ta gani. Da kun ƙara kwana guda a gida, da wata magana muke yi yanzu. Ki kwantar da hankalinki, kun tsira."

Ban yi guɗa ba, ban yi kuka ba. Na zauna a ƙasan siminti na jingina da ƙarfen gado. Kaka ta ɗaga hannu biyu sama tana hamdala, hawaye yana bin tsagar fuskarta. Ta ɗauke ki ta sumbaci goshinki, sannan ta juyo gare ni da murna tsakani da Allah ta ce:

"Kin gani ko, Luba? Tun da anka hidda makahon nan, sauƙi yas samu."

Malamar ta dube ni ta saman tabarau, tana jira in yi magana. Na miƙa hannu kawai, Kaka ta ba ni ke, a gaban kowa. Kika buɗe ido kaɗan, jajaye, masu ƙwalla, kika tsayar da su a fuskata. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan zanen gado, daidai lokacin da nake jan baho zuwa hantsi.